Jirgin Autana Ya Wuce Ba Fitila

Abin nan ya faru bayan an buɗe gari daga kullen annoba, amma kafin a canza kuɗi mutane su riƙa kwana a bakin banki. Daminar da kogi ya cika har ya shiga gidajen gangare, to ita ce. Maigidana ya daɗe da rasuwa a lokacin, don shi tun masaƙun Kakuri ba su gama rufewa ba ya tafi, ya bar ni a gidan nan na Nasarawa da muka gina da jan bulo muka shafe da siminti. Duk wani tashin hankali da aka yi a garin nan a cikin gidan ya same ni. Dangina sun kwashe, wasu Tudun Wada, wasu Unguwar Mu'azu, kowa ya tafi yana jana, ni kuwa ban ɗaga ko tukunya ba. Ungozoma ce ni. Yawancin magidantan layinmu a hannuna suka faɗo, Musulminsu da Kiristansu, shi ya sa kowa Iya yake ce mini.

Autana matuƙin jirgin sama ne. Ba irin manyan nan da ke kai mutane Makka ba, nasa ƙarami ne, farfela ɗaya a hanci, mutum biyu ke zama a ciki kafaɗa na gogar kafaɗa. Aikinsa koya wa wasu tuƙi, kuma a cikin karatun akwai na tashi bayan rana ta faɗi. Shi ya nuna mini fitilun tun yana sabon shiga: ja a fiffiken hagu, koriya a na dama, fara a wutsiya, sai wata babba a gaba da ake haska ƙasa da ita in za a sauka. Ya ce ba ado ba ne, da su wani jirgin ke gane inda ka dosa ya kauce maka.

To sai muka yi wata al'ada ni da shi. Duk ranar da yake da tashin dare, tsakanin magariba da isha, hanyarsu takan biyo ta kanmu. In ya zo saitin gida sai ya kunna babbar fitilar nan ya kashe, ya kunna ya kashe. Gaisuwa ce. Ni kuma ina ƙofar gida a kan tabarma tare da maƙwabciyata, wata 'yar wajen Zonkwa da ta yi aikin masaƙa har ta tsufa, katangarmu ɗaya tun muna goyo. Da na ga fitilar sai in ɗaga murya in ce ga autana can yana gaishe ku. Ban yi ta a ɓoye ba, don me zan ɓoye? Matar da ba ta taɓa riƙe alli ba ta haifi mai tuƙa jirgi. Mai shayi ya sani, masu keke sun sani, har matan da ke fitowa daga majami'a ran Laraba sukan tsaya su ɗaga kai. Maƙwabciyata takan tsokane ni, wai in ce masa ya jefo mata buhun shinkafa tunda hanya ce.

Ranar da abin ya faru an ɗauke wuta tun la'asar, ba layinmu kaɗai ba, gari duka. Ga hadari ya rufe sama, babu wata, babu tauraro. Na idar da isha ke nan sai na ji ƙararsa. Na san ƙarar kamar yadda na san tarin maigidana. Na ɗaga kai ina jiran ja da kore, ban ga komai ba. Ƙara kawai, kuma ƙasa-ƙasa, har kwanon rufi yana amsawa. Ya wuce ta wajen titin baifas, ya juyo, ya sake bi ta kanmu, ya sake juyowa, baƙi ƙirin kamar ba abin da ke sama. Mutane suka firfito suna haska tocila. Maƙwabciyata ta riƙe mini wuyan hannu tana addu'arta, ni ina tawa, har ƙarar ta yi arewa ta ɓace. Na sa aka kira wayarsa, tana ta ƙara ba a ɗauka. Ban tashi daga tabarmar ba sai da ya kira da kansa ya ce, "Inna, na sauka lafiya. Ki kwanta, gobe zan zo."

Da ya zo na ga leɓensa a fashe. Ya ce tocila ce ya riƙe a baki. Ya yi mini bayani yadda zan gane. A cikin injin akwai abin da ke cajin batir, bel ne ke juya shi, irin dai na injin markaɗe, to bel ɗin ne ya tsinke suna sama. Injin kansa bai mutu ba, shi da wutarsa daban, amma duk wani abu mai haske a kan batir yake, batir kuma yana ta zuƙewa. Sai ya kashe fitilun da hannunsa, na waje da na ciki, don ɗan abin da ya rage ya ishe shi magana da masu ba da izinin sauka. Allon da ke gabansa, mai nuna tsayi da gudu, ya yi duhu. Ɗalibinsa ya rikice, wayar da yake haskawa da ita ta faɗi ƙarƙashin kujera, shi ya sa tocila ta koma baki, hannu biyu na kan aiki. Da akwai wuta a gari da titi ya nuna masa hanya, amma ƙasa duhu sama duhu. Shi ne ya sauko yana zagaye yana neman fitilun motocin da ke haye gada, da ya same su ya gane kogi, daga kogi ya gane filin. Haka ya sauka, babu fitilar gaba, taya ta daki ƙasa har haƙorinsa ya shiga leɓe. Na yi hamdala, na dama masa kunu, na ɗauka magana ta ƙare.

Ashe tun kafin ya shanye kunun wata maganar ta riga ta zaga unguwa. Akwai wani mai shagon caji a bakin titinmu, magidanci ne da 'ya'yansa, ni na yanke masa cibiya. A watannin nan masu garkuwa da mutane sun matsa wa gefen gari, daga bayan baifas har wajen Unguwar Boro, kuma ƙaninsa na hannunsu a daji. Ba zan ce ba ya cikin zafi ba, yana ciki. Amma zafi bai ba shi izinin abin da ya yi ba. Ya ɗauki muryarsa a waya ya tura wa jama'a, yana rantsuwa cewa da idonsa ya ga jirgi ya kashe fitila da gangan ya jefa buhu a dajin bayan baifas, kayan 'yan bindiga ne. Ya ce kuma kowa ya san jirgin wane ne. Kunna fitilar nan da kashewa da ake yi wata da watanni ba gaisuwa ba ce, sigina ce, kuma kowa ya san a kan rufin wa ake yin ta.

A waya aka kunna mini na ji da kunnena. Na ce a sake, aka sake. Wai da idonsa. Daren da mutum ba ya ganin tafin hannunsa, shi ya ga buhu.

Daga ranar gaisuwa ta ragu. Matan da ke leƙowa su karɓi garin kunu suka daina. Wata da na karɓi haihuwarta duka ta hango ni a wajen famfo ta juya da bokitinta babu ruwa. Aka fara jifan kwanon rufina da magariba. Shi kuma autana, wajen aikinsu suka ce kada ya buɗe baki sai an gama bincike, suka kuma tsare shi da tambaya a kan kunna fitilar da yake yi, suka hana shi biyowa ta kan gida. Ya zo mini da mota ya ce in haɗa kaya, ya samo mini ɗaki kusa da shi. Na ce masa ya zauna ya ci abinci. Ya ce ba wasa yake ba, a garin nan an ƙone gida a kan abin da bai kai wannan ba. Na ce na fi shi sani, ina nan aka ƙone su.

Mai unguwa ma ya zo, mutumin kirki ne, ya cire takalmi ya zauna a zaure. Ya ce shi bai yarda da maganar ba, amma 'yan sintiri sun matsa sai an bincika gidan, matasa kuma ransu a ɓace yake. Shawararsa in je wajen dangi in yi 'yan makonni, in ƙura ta lafa in dawo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na fita daga gidan nan na amsa laifin ke nan. Gobe a ce uwar ta gudu. Ɗana kuma da wane suna zai sake shigowa layin nan?"

Ya ce to me nake so a yi. Na ce ya tafi, zai gani.

Washegari da hantsi na aika aka kira kafinta. Na nuna masa ƙyauren ƙofar gida, na katako ne da aka lulluɓe da kwano, maigidana ya sa shi da hannunsa. Na ce ya cire. Ya ɗauka gyara ne, ya fara duba inda ya lalace. Na ce ba gyara ba, cirewa. Da ya cire na sa shi da wani mai baro suka ɗauka, ina gaba suna biye, maƙwabciyata na bayanmu tana tambayata ko na haukace. Muka ratsa layi har shagon mai caji. Na ce su jingina shi a nan, jikin shagon, ta inda masu karɓar waya ke tsayawa. Yana ciki, ya sunkuyar da kai yana ta jujjuya wayoyi.

Na ce masa, "Kai ka ce akwai abin da nake ɓoyewa. Ga ƙyauren, riƙe. Gidana a buɗe yake, duk mai so ya shiga. Ranar da ka gama dubawa, kai za ka mayar da shi da hannunka."

Ya ce, "Iya, ni ban kama sunanki ba."

Na ce rufin wa ya kama, na limamin Tudun Wada? Masu keke da ke wajen suka yi dariya, ni ban yi ba.

'Yan sintiri sun zo da yamma. Da suka ga ƙofa a wangale sai suka tsaya a waje suna kallon juna, shugabansu yana cewa ai ba sai an shiga ba. Na ce sai an shiga. Ni na riƙa nuna musu. Na sa suka ɗaga katifa, suka leƙa randa, suka zazzage buhun masara a tsakar gida, suka hau silin. Da muka zo kan akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado na miƙa wa shugaban makulli. Ya buɗe ya ga farin yadi a ninke da turare, ya gane likkafanina ne, ya ja hannu kamar ya taɓa garwashi. Na ce ya warware, ai bindiga tana iya shiga ninki. Ya ce don Allah Iya. Na ce ya warware. Ya warware shi har ƙarshe a gaban yaransa, ya kuma kasa ninkewa, sai maƙwabciyata ce ta karɓa ta ninke. Suka fita ba wanda ya kwashe masarar. Ban kwashe ba ni ma sai da kaji suka yi rabonsu.

Zaman gida babu ƙyaure da damina ba daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Ruwa na fesowa har tsakiyar zaure. Awakin layi suka mayar da gidan nasu, wata ta cinye mini kuka a faranti, wata ta haihu a bayan murhu. Sauro kuwa ba a magana. Maƙwabciyata ta kwaso tabarmarta da taɓarya ta dawo zauren da kwana, tana mita kullum, wai ita da ta tsufa da mutuncinta na mayar da ita maigadi ba albashi. Na ce ta koma gidanta mana. Ta ce in ta koma wa zai kore mini awaki, ni da ba na iya korar ko ƙuda sai da jawabi. Autana ya yi fushi na gaske. Ya turo kafinta da sabon ƙyaure na mayar da shi. Ya daina kirana, sai matarsa ke kira tana cewa ba ya barci. Wannan ya fi jifan rufi ciwo, amma ban sa ƙyaure ba.

Da aka gama bincikensu aka sake masa baki, ya zo ƙofar mai unguwa ran wata Asabar da tsinkakken bel ɗin a leda. Ya yi bayani tiryan-tiryan, da Hausa da Turanci, yadda ya yi mini. Aka riƙa miƙa bel ɗin hannu zuwa hannu. Wasu suka gyaɗa kai. Wani daga baya ya ce irin wannan ai ko wajen mai niƙa ka je za ka tsinto. Na ga fuskar ɗana ta faɗi, shi ya ɗauka in ya kawo shaida shi ke nan. Ni na san mutanena. Wanda tsoro ya shiga kunnensa ba bel ke fitar da shi ba. Da muka dawo gida ya tsaya yana kallon ƙofar da babu ƙyaure, sannan ya ce in bar ta yadda take. A ranar ya kwana a zaure, maƙwabciyata ta samu hutu.

Shi kuwa mai caji, ƙyauren ya zame masa kaya. Ya ja shi bayan shago, na sa mai baro ya dawo da shi gaba. Ya kwantar da shi ya ɗora benci a kai, na je na tsaya har ya tayar. Ba na zaginsa, gaishe shi nake yi kullum in zan wuce kasuwa, in tambayi ƙaninsa, in tambaya ko ya gama dubawa. Masu keke suka mayar da wajen tasha, fasinja ya ce a sauke shi a ƙyauren Iya. Duk baƙon da ya zo caji sai ya tambayi ƙyauren mene ne wannan, kuma kullum akwai mai ba da labari a kusa. Ana cikin haka Allah ya kuɓutar da ƙanin nasa, ya dawo a rame, ƙafafu duk ciwo. Na dafa kunun gyaɗa na kai gidansu da kaina. Uwarsu ta karɓa tana kuka, ta kasa haɗa ido da ni. Ban ce mata komai a kan ƙyaure ba, ba ita ta yi ba.

Ruwa ya ɗauke, an fara cin sabuwar gyaɗa, wata asuba ina alwala na ji ana jan abu a ƙofar gida. Na leƙa na gan shi shi kaɗai, ya ɗauko ƙyauren a ka, guduma a aljihu, yana ta sanɗa kada kwanon ya yi ƙara. Ya ce ya kawo ne, yanzu zai kafa kafin mutane su fito.

Na ce, "A'a. Muryarka da rana ta zaga unguwa. Mayar da shi, ka dawo in rana ta fito."

Ya juya da ƙyaure a ka. Na ɗauka ba zai dawo ba, har na ce wa maƙwabciyata ta shirya shekara a zaure. Sai ga shi da hantsi, lokacin da 'yan makaranta suka wuce mata suka fito famfo. Babu wanda ya taya shi, shi ma bai nema ba. Ba kafinta ba ne, ƙusa na lanƙwashewa yana cirewa, ya daki yatsa, gumi ya jiƙa masa riga, layi ya cika ana kallo. Na sa aka kai masa ruwa ya sha. Da ya gama ya juyo, ba ni ya kalla ba, mutane ya kalla, ya ce, "Ban ga buhu ba. Ƙara kawai na ji." Na ce to Allah ya kyauta, ya tafi ya buɗe shagonsa. A karkace ya kafa shi, har yau sai an ɗan ɗaga yake rufuwa, kuma na hana a gyara.

Ba kowa ya dawo ba. Akwai gidaje biyu ko uku da har yanzu in an yi haihuwa ba a aiko mini, akwai masu cewa dai wani abu ya faru a daren. Su ta shafa. Ina cikin gidana, ɗana yana shigowa layin nan da rana tsaka, ya ajiye mota a gaban mai shayi, a gaishe shi da sunan ubansa.

Mai unguwa ya rasu bara, kafintan ma ya rasu, haka uwar mai caji. Shugaban 'yan sintiri ya bar gari, an ce yana Abuja yana gadi. Mai cajin yana nan, ya ƙara da sayar da lemo, ƙaninsa ke taya shi. Autana yana nan yana koyar da tuƙinsa, furfura ta fara fito masa. Maƙwabciyata tana nan, ido ya yi rauni amma bakin bai mutu ba, jiya ma sai da muka yi faɗa a kan akuya. Sai ni.